Shafin Fito da Ragon da Aka Rasa Mai Karɓa

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a cinya tukuna. Ba hana ku zan yi ba, labarin ma nasu ne. In na kai ƙarshe zan bar muku shari'a, kuma ba na son in ji wani ya ce duk ɗaya ne, don wannan amsar malalata ce.

Akwai wani gari a bakin babban kogi, ana ce masa Tungar Maje. Kasuwarsa ran Laraba take ci, kuma rabin masu cin ta daga ƙetare suke zuwa cikin kwale-kwale. A tsakiyar kogin akwai wani tsibiri dogo mai duhun itatuwa. Ta wajen ƙetare ruwan kwance yake kamar na randa, ko wace rana ce. Ta wajen gari kuwa nan uwar ruwa take, da duwatsu a ƙarƙashinta. Ran da aka tafka ruwan sama can saman kogi, ko aka buɗe madatsar ruwa, mutumin ƙetare ba ya ganin alamar komai sai ya zagayo tsibirin, sa'an nan kuma ba damar komawa. Saboda haka Sarkin Ruwa ne ke faɗin ko za a yi fito ko ba za a yi ba. Farin ƙyalle a kan giginyar bakin mashaya, inda jirage ke tsayawa, a taho. Jan ƙyalle, kowa ya zauna gida.

Sarkin Ruwa na lokacin sunansa Gado, dattijo mai ƙarancin magana. Yana da 'ya, Saude, wadda ta auri wani malamin makaranta, Yahuza. Shi Yahuza ɗan ƙetare ne, amma na can tudu, ko iyo bai iya ba. Ya yi karatun kwamfuta a birni, ya dawo yana koyarwa a Tungar Maje. Tun yana ƙarami yake ganin mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tana ɗauko kwandon albasa tun da sassafe, ta yi doguwar tafiya zuwa bakin ruwa, ta tarar da jan ƙyalle, ta juya da kayanta. Abin ya daɗe yana ci masa rai. Sai ya ce zai gina shafin intanet, kowa ya duba a wayarsa tun yana gida, ya san ko ranar ta fito ce.

Ku da kuke latse-latse kun san shafi ba ya zuwa gaba ɗaya. Rubutu ne ke fara isowa, hotuna su biyo, sauran kaya su zo a baya. Manhajar da ke buɗe shi, wadda kuke cewa burauza, ita ke shaida cewa an gama lodi. Yahuza ya yi wa shafinsa labule, wato ɗan zoben nan mai juyawa, ya umarce shi kada ya yaye sai burauza ta ce ta gama. Hukuncin Sarkin Ruwa na ranar kuwa daban yake tahowa, shafin ne ke aikawa a ɗauko shi. To, kafin ya iso, dole a sami wani rubutu kwance a wurin. A gidan Sarkin Ruwa kuwa ba a fara ambaton hanin fito da safe, don kada a yi wa ruwa baki. Yahuza ya san haka, kuma yana son ya faranta wa surukinsa. Sai ya shimfiɗa kyakkyawar kalma a ƙasa: Yau ana fito, Allah ya kiyaye. Ran da aka hana, in hukunci ya iso, sai ya goge ta ya zauna a wurinta. Ya gwada a kwamfutarsa da babbar wayarsa, ya ga kullum hukunci na riga labule.

Ran da aka buɗe shafin an taru a ƙofar Sarkin Ruwa. Gado ya ciro 'yar wayarsa mai maɓallai, irin wadda kusan kowane ɗan fito ke riƙewa, aka buɗe masa, ya ɗaga ta sama ya ce ya gani, ya yi daidai. Aka yi ta sa wa Yahuza albarka. Da rani ne, kowace rana ta fito ce, shafi bai taɓa saɓa wa ruwa ba. A hankali aka daina hawa giginya, har ƙyallayen suka koma goge inji.

A nan ne mutum uku suka yi shiru uku, kuma ku riƙe su da kyau.

Yahuza ya san ƙa'idar sana'arsa sarai. An koya masa cewa burauza ba ɗaya ba ce, kuma kowace da abin da take kira gamawa, kamar masu girki: wata in ta sauke tuwo ta ce abinci ya yi, wata sai miya ta nuna. Ya san ya kamata ya gwada shafin a 'yar waya mai maɓallai. Amma ta yaya? Mutumin da ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya haɗa ido da shi, shi ne zai ce a ba shi waya ya duba? In kuma ya ari ta wani ɗan fito, kafin la'asar labari ya kai cewa Sarki ya ce ya gani, surukinsa kuma bai yarda ba. Kullum sai ya ce gobe. Abin na damunsa in ya kwanta, in gari ya waye kuma aka yabe shi a hanya sai ya manta.

Saude ita ce 'yar aike tsakaninsu. Kowace safiya takan leƙa gidan mahaifinta ta karɓo hukunci, ta kawo wa mijinta ya sa. Wayarta tana da irin burauzar nan mai tsimin data, wadda ke bi da shafi ta wani wuri can nesa, a matse shi, a ɗan jira kaɗan, a aiko da shi kamar hoto, abin da ya iso ya iso. A farkon damina an yi wata rana ta guguwa, Sarki ya hana fito. Ta duba wayarta, ta ga an rubuta yau ana fito. Amma ranar iska ta isa shaida, ba wanda ya taɓa jirgi. Ta dubi mijinta yana karin kumallo da fara'arsa, mutumin da gari ya fara girmamawa bayan shekarun da ake ce masa ɗan tudu, sai ta ji nauyin ta zama ita ce farkon mai aibata aikinsa. Ta ce wa ranta ƙila wayarta ce ta tsufa.

Shi kuwa Gado, yanar ido ta daɗe da rufe masa gani. Yana ganin haske da duhu, yana gane mutum da muryarsa, yana karanta ruwa da kunne da tafin ƙafa, har ba wanda ya lura. Amma Sarkin Ruwa da ba ya ganin ruwa ba ya daɗewa da rawani, kuma sarautar a gidansu take tun kakanni. Ran da ya ɗaga waya ya ce ya gani, fari kawai ya gani. Kowace safiya bayan haka yakan riƙe wayar, ya ƙura mata ido, ya ce a gaya wa malam ya yi daidai.

Sai wata Laraba a tsakiyar damina. Tun asuba aka kira Sarki a waya daga can saman kogi aka ce an buɗe madatsa. Ya sauka bakin ruwa ya saurara, ya ce ba fito. Saude ta kai wa Yahuza, ya sa hukunci, ya duba babbar wayarsa ya ga jan rubutu ya fito. Hankalinsa kwance, ya tafi ƙofar Sarki inda maza ke zama kafin kasuwa ta cika, ya raɓe can ƙarshen taro ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba.

Saude na cikin gida tana kwaɓa ƙullin ƙosai, sai ta tuna da ranar guguwa. Yau kuwa ba iska, rana ta fito tas, ba abin da zai gargaɗi mutumin ƙetare. Ta buɗe shafin da hannu mai ƙulli. Yau ana fito, Allah ya kiyaye. Ta sake buɗewa, haka. Kuma ta san Iya Tabawa ta aiko jiya cewa tana tafe da albasa. Ta fita ba mayafi, ba takalmi, ta ratsa kasuwa a guje, 'yar Sarki guda. Ta isa ƙofar gidan ubanta, ga dattawa jere. Ta ce malam, shi kuwa kansa na ƙasa yana can nesa, bai ji ba. Matar da tun aurenta bakinta bai taɓa furta sunan mijinta ba, sai ga ta a gaban mahaifinta da abokan mahaifinta ta ɗaga murya.

“Yahuza! Shafinka yana ce wa mutane su taho. Kuma ba yau na fara gani ba. Na gani ran guguwa, na yi shiru.”

Wani tsoho ya kau da kai. Ita kuwa ta tsaya, ƙulli na bushewa a hannunta. Da ba ta yi haka ba, da ba wanda ya san komai sai gawa ta fara tasowa.

Yahuza ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya karɓi wayarta ya gani. Zuciyarsa ta ba shi wata mafita nan take: ya ce wayar mace ce, ta lalace, ya lallaɓa gida ya gyara a ɓoye. Da ya yi haka ba wanda zai ƙaryata shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya tashi ya taka har tabarmar surukinsa, wadda bai taɓa takawa ba, ya durƙusa, ya miƙa hannu ya ce Baba, a ba ni wayar. Gado ya miƙa masa. Yahuza ya buɗe. Ita wannan burauzar ba ta jiran hoto ma, rubutu na isowa ta ce ta gama. Labule ya yaye, kyakkyawar kalma ta bayyana, ta zauna, ta daɗe. Sai can, bayan lokacin da ya ishi mutum ya mayar da waya aljihu ya ɗauki filafilin tuƙa jirgi, jan rubutu ya iso. Wayar Yahuza kuwa babban hoton kogi da giginya da ya sa a shafin take tsayawa ɗaukowa, shi ya sa hukunci ke riga ta. Ashe wata da watanni hoto ne ke rufa masa asiri.

Ya miƙe ya fuskanci jama'ar da ta saba sa masa albarka. Ya ce: “Aikina ƙarya yake yi. Na san ya kamata in gwada, ban gwada ba. Duk mai ɗan'uwa a ƙetare ya kira shi yanzu, ya ce kada ya yarda da shafin Yahuza.”

Yana faɗa yana latsa wayarsa. Ya goge kyakkyawar kalmar nan daga tushe, ya rubuta Dakata, ba a fito. Ya duba a wayar Saude, ya duba a ta Sarki, duka suka nuna. Mashayun ƙetare da yawa suke, ba kowa ke da lambar kowa ba, amma kowa na duba shafin. Daga baya aka ji jirage nawa ne aka riga aka loda, masu su suka sake leƙawa suka sauke kaya. Da bai yi haka ba, da kogin ya ci na mashaya fiye da ɗaya.

Amma jirgi guda ya riga ya taso. Wani ya nuna da hannu, aka hango shi ya zagayo tsibiri, cike da mata da kwanduna. Uwar ruwa ta fizge shi, ta juya shi, ta kai shi ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, ruwa na dukansa yana shiga. Akwai jirgi mai inji a mashaya, akwai samari majiya ƙarfi, amma ba wanda ya taɓa bi ta cikin duwatsun nan a irin wannan cika. Gado kaɗai ya taɓa, tun yana bin mahaifinsa. Aka juya ana kallonsa. Ya san hanyar a kansa: in giginya ta saitu da hasumiyar masallaci a karya dama, in baƙin dutse ya zo kafaɗa a kashe inji. Sai dai ba ya ganin giginya, ba ya ganin dutse. Yana iya cewa tsufa ya hana shi, ba mai zarginsa, rawaninsa na kansa. Yana kuma iya shiga ya yi ta lalube, ya mutu da asirinsa da mutanen da ya ɗauka. Ya tsaya a bakin ruwa, ya cire rawanin ya miƙa wa na kusa da shi.

“Jama'a, idona ya daɗe da tafiya. Ran da na ce na ga shafin nan, ban ga komai ba. Hanya tana kaina, amma sai an ba ni ido.” Ya juya wajen da ya ji numfashin surukinsa. “Malam, kai ka san giginyar nan, hotonta ka sa. Zo ka zauna gabana.”

Haka suka shiga, saurayi ɗaya a kan inji, wani da igiya, Gado a tsaye da gora, Yahuza a gaba yana riƙe da katako da hannu biyu, mutumin da ko a kwatami bai taɓa iyo ba. Yana ihu yana cewa giginya ta kusa, ta saitu, ga dutse a hagu. Tsohon yana saurarar ruwa yana ba da umarni. A wani wuri Yahuza ya ce dama, Gado ya ce a'a, akwai wani a ƙasa da ba ka gani, suka wuce suna jin jirgi na gogar dutse. Suka isa, aka jefa igiya, aka kwashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Kwandunan albasa suka tafi, kwale-kwalen ya kife a bayansu, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Da Gado bai faɗi abin da ya faɗa ba, da ana tsaye a gaɓa ana kallo har ruwa ya gama da su.

Iya Tabawa na cikinsu. Da aka fito da ita, jiƙe sharkaf, ta kama hannun ɗanta tana ba da labari, ba ta san abin da aka yi a gari ba. Ta ce mai jirgin ya so ya dakata, wai launin ruwan bai yi masa ba. Ita ce ta matsa masa. Ta ce masa ɗanta ne ya yi shafin, kuma ɗanta ba ya ƙarya. Yahuza bai iya ɗaga kai ba. Ya fi son a ce marinsa ta yi.

Ya yi kwanaki bai fita ba sai masallaci. Ya zauna ya sake ginin shafin. Yanzu ba ya tambayar kowace burauza ko ta gama. Hukuncin Sarki da kansa yake jira, mai ɗauke da kwanan watan ranar, in bai iso ba kuwa Dakata ce ke zaune a wurin, ko da za a wuni. Ya bi mashaya yana aron wayoyin 'yan fito, tsoho da sabo, yana gwadawa a gabansu. Ya kuma sayi sabbin ƙyallaye ya roƙi a koma hawa giginya. Saude ta daina bi ta kasuwa, don yaran gari sun koyi yadda ta kira sunan, suna kwaikwayo a bayanta. Gado bai sake naɗa rawanin ba, aka ba ƙaninsa, ko da yake har yanzu shi ake tambaya in ruwa ya canza murya.

Ana nan sai dagacin ƙetare ya aiko da rago, fari, ƙosasshe, ya ce a ba wanda ya ceci mutanensa, mutum ɗaya, don rago ɗaya ne. Aka ɗaure shi a ƙofar Gado. Gado ya ce a kwance, shi da ya yi shaidar zur da ido ba ya cin wannan nama, a kai wa malam. Aka kai gidan Yahuza. Ya ce shi ya haƙa ramin, ba a biyan mutum don ya ciro wanda ya jefa, a shigar wa Saude. Saude ta ce ita ta ga wuta tun tana ƙarama ta rufe ta da zani, a mayar wa Baba. Haka ragon ya yi ta zagaya tsakanin ƙofofin nan har ya san hanya, ana kwance shi yake tafiya da kansa. Dagaci kuma ya ce ba ya karɓar kyautar da ya bayar.

Kowannensu kunya ta rufe masa baki har aka kai ga haka, kowannensu kuma ya haɗiye kunya a bainar jama'a aka tsira. Saude ta kira sunan da ba ta kira, ta tona kanta. Yahuza ya taka tabarmar da ba ya takawa, ya rushe aikinsa da bakinsa. Gado ya faɗi abin da ya raba shi da sarautar kakanninsa. In ka cire ɗaya, an yi jana'iza ranar.

Ragon na nan yana cin dusar mutane. To, ku ɗaga wayoyinku in kun ga dama, amma ba za ku sami amsar a ciki ba. A cikin ukun nan, ƙofar wa ya kamata a yanka shi?